Umaru Dembo da yaron da ya je sararin samaniya

Cikin littattafan Hausa da muka karanta muna ɗalibai a Dutse, akwai wani ɗan siriri da har gobe ba ya fita raina: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauke shi yawon buɗe ido a sararin samaniya. Kafin shi mun saba da Ganɗoki da Ruwan Bagaja, inda in tafiya ta yi nisa sai aljanu su shigo. Dembo ya zo da wata hanya dabam, ya sa ɗan Bahaushe a kumbo. Ga kaɗan daga abubuwan mamaki da ke kewaye da wannan littafi.

Ya fito a 1969, shekarar da Neil Armstrong ya taka wata, ranar 20 ga Yuli. A lokacin Najeriya na tsakiyar yaƙin basasa, Dutse kuma tana cikin Jihar Kano, don sai 27 ga Agusta 1991 aka yanko Jigawa.

Kamfanin NNPC ne ya buga shi, amma kada hankalinka ya tafi gidan mai. Wannan NNPC ta Zariya ce, ta ɗab'in littattafai, wadda aka kafa a 1966. Ta girmi takwararta ta fetur da shekara 11.

Masu cewa ina ruwan Bahaushe da kumbo, su saurara. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bin sawun kumbo a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau 3, ya yi magana da ma'aikatan wannan tasha. Me ya gaya musu? Wai yana hango ƙura tana tashi a ƙasa. Su kuma suka ce masa ai kwana da kwanaki ke nan ana iska. Wato dai mutum ya haura can ƙololuwa, abin da ya fara ɗaukar idonsa a yankinmu shi ne ƙurar hunturun nan da ke fasa mana leɓe, ta rufe duwatsun Garu a Dutse har ka kasa ganinsu daga bakin titi.

Shekara guda da rabi bayan haka, a Agustan 1963, Shugaba Kennedy ya kira Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta wannan hanya. Wanda ya amsa kiran shi ne marubucin Shaihu Umar.

Wannan kuwa ya fi duka ɗaure kai. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa a Zagami, ƙasar Katsina, sai ya ji wata ƙara, ƙura ta turnuƙe 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tona ramin sai ga dutse mai nauyin kilo 18. Daga baya masana suka gano daga duniyar Mars ya ɓallo, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda na'urori suka auna a can. Ba a nan abin ya tsaya ba. A 1996 aka ɗauki ɗan ɓarɓashinsa aka liƙa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, ya koma yana kewaya garinsu. Da a littafin Dembo aka karanta wannan, da cewa za a yi malam ya cika gishiri.

Ita kanta tauraruwa mai wutsiya ba tauraruwa ba ce. Dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, in ya matso kusa da rana ya fara narkewa sai jela ta fito. Kuma jelar ba bayanta take bi ba: kullum tana fuskantar inda ya saɓa wa rana, don haka in tana komawa, wutsiyar ce a gaba. Tsofaffinmu kan ce fitowarta alama ce ta rasuwar wani babba. Wadda ake kira Halley ta zo a 1910, ta dawo a 1986, kuma an riga an san za ta sake leƙowa a 2061.

Zara matar wata da Gamzaki mai fitowa da asuba ma abu ɗaya ne: duniyar Venus, wani lokaci da magariba, wani lokaci kafin alfijir.

Dembo ya kuma rubuta Wasannin Yara, wanda ke nuna inda zuciyarsa take. Yara yake yi wa rubutu, kuma bai raina hankalinsu ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ƙarancin waɗanda suka bi sawunsa. Daga shekarun 1980 littattafan Hausa sun yi ambaliya daga Kano, dubbai, akasari na soyayya da kishiya, sai na yaƙi da bokaye. Ba na raina su, na karanta da yawa. Amma Najeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a Satumban 2003, an buɗe Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011 ana koyar da kimiyya, yaran Shuwarin da Kiyawa suna kallon hotunan Mars a wayar hannu, kuma har yanzu in aka ce a kawo labarin kumbo da Hausa, sunan da ke fara zuwa bakin malaman adabi na 1969 ne.