Daga shirinmu na dabbobi: kyanwa ma tana jin kira

A wannan mako mun yi magana kan kyanwa, wadda mutanen Khartum ke kira kadisa. Duk mai sito a Kasuwar Libya ta Omdurman ya san ɓarnar da ɓera ke yi wa buhunan dawa, ya kuma san takaicin ranar tashi: a kwashe kaya, kyanwa ta haye katanga ta ƙi saukowa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, gidaje da yawa sun tashi haka nan sun bar nasu.

To, akwai dabara. Turawa na amfani da ɗan ƙarfe mai ƙara "ƙyas" in an danna. Wata Ba'amurkiya, Karen Pryor, wadda ta horar da dabbobin teku a Hawai a shekarun 1960, ita ta yaɗa ta. Ba sai ka sayi nasu ba. Murfin kwalba mai lotsawa ya isa, ko ɗan guntun gwangwani da makeran Mantiƙa Sinaiya za su lanƙwasa maka, ko ma ƙarar harshenka.

Ga yadda ake yi. Ka tari lokacin da take jin yunwa. Ka danna, nan take ka ba ta ɗan ɓarɓashin busasshen kifi. Ka maimaita kamar sau 15, kwana biyu ko uku, har ka ga da jin ƙarar ta waiwayo. Daga nan sai ka daina dannawa a banza. Ta tako zuwa gare ka, danna. Ta sa ƙafa a kwando, danna. Lokacin dannawar shi ne komai: in ka makara har ta juya baya, juya bayan ka koya mata. Kuma kowace ƙara da ladarta, ko da kuskure ka danna. Minti 3 zuwa 5 ya wadatar, don kyanwa ba ta da haƙurin jaki.

Duka ba ya koya mata komai sai gudu. Masu tsoron cewa in ta ci kifi za ta bar ɓera, su kwantar da hankali, ƙosasshiyar kyanwa ma tana farauta.

Makiyayan da ke kai shanu kasuwar Muwailih za su ce ai sun riga Turawa, tun da da kira da kanwa suke tara garke. Gaskiyarsu. Bambancin kawai, ƙarar tana nuna wa dabba ainihin abin da ta yi daidai, shi ya sa take aiki ga ɗan maraƙi ko jakin da ke ƙin hawa mota.