Ba Kowa Ne Abokin Wasanka Ba

Idan Bazamfare ya sauka a tashar Zuru, ya hangi Badakkare ya ce masa, "Kai bawana, zo ɗauki kayan ubangidanka," ba abin da zai biyo baya sai dariya da ramuwa. Tsakaninsu akwai barkwanci tun kaka da kakanni, irin na Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. A Nijar ma abin ya kai har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2014.

To amma a ce wani baƙo da ba ya cikin wannan wasa ya faɗi kalmar nan, sai an raba. Magana ɗaya ce, bakin ne daban.

Abin da matasa da yawa suka kasa ganewa ke nan. Barkwanci izini ne, kuma ba kowa aka bai wa ba. Taubashi yana da shi kan taubashinsa, har ya bi shi kuɗin shara ranar cika-ciki. Jika yana da shi kan kaka, ƙanin miji kan matar wa. Su ma da iyaka. Ba a kaiwa ga iyaye, ba a taɓa addini, ba a yi a gidan makoki. Kuma wanda ya tsokana dole ya tsaya a rama, in ya murtuke fuska ya karya doka.

A ƙasar Zuru wannan ya fi ƙarfin a yi sakaci da shi. Masarautar ta haɗa ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu, kuma a cikinta akwai Lelna (wato Dakarkari), Fakkawa, Dukkawa, Kambari, Hausawa da Fulani. Gida ɗaya za ka tarar da Musulmi da Kirista, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokaci ma yana sauya nauyin magana. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, musamman bayan kisan 'yan sa-kai fiye da 60 a Maris 2022, kiran makiyayi da sunan "ɗan daji" ya tashi daga raha. Kalma ce da za ta iya sa a yi wa marar laifi taron dangi a kasuwa.

Idan wasa ya ɓaci, mafi yawan mutane sai su ce, "Haba, kai ba ka san wasa ba?" A ganina wannan ya fi tsokanar farko ciwo, domin an yi wa mutum laifi kuma an ɗora masa laifin. "Don Allah yi haƙuri, na wuce gona da iri" ta fi sauƙi, kuma a wurin da aka kunyata mutum, nan ya kamata a ba shi haƙuri.

Shi ma wanda aka ɓata wa, ya ja mai maganar gefe ya tambaye shi nufinsa kafin ya tara masa jama'a. Sau tari baƙo ne, ya ji wasu suna yi ya ɗauka na kowa ne. In abin ya ƙi, dattijon majalisa ko mai unguwa kan kira su biyun, ya fara tambayar kowa asalinsa, don a tabbatar ko da wasa tsakaninsu ko babu.