Mai Sayen Tsohuwar Mota Ya Duba Ƙarƙashinta

Ku sani, ya ku masu karatu, a ƙasashen Turai idan sanyi ya kama, ƙanƙara takan rufe hanyoyi, sai hukuma ta barbaɗa gishiri domin ta narke. To, wannan gishiri shi ne ajalin mota. Yakan manne wa ƙarfen ƙarƙashinta, ya yi ta cinsa shekara da shekaru, alhali fenti yana ta ƙyalli.

Saboda haka falken da ya nufi Kwatano sayen tsohuwar motar Turai mai ja da ƙafa huɗu, kada kyan jiki ya ruɗe shi. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, jikin tsofaffinta na gorar-ruwa ne, ba ya tsatsa, amma shasinta baƙin ƙarfe ne. Nan yaudarar take. Ya sa bakanike ya kwanta ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa da guduma. In ƙarfe ya zubo kamar ɓawon itace, a bar ta ko da rabin kuɗi ne.

Kuma a tayar da ita da sassafe, injin yana da sanyi. Dillalin da ya riga ya ɗumama ta kafin mai saye ya iso, lalle akwai abin da yake ɓoyewa.