Baƙin Tabo A Tafin Ƙafa, Da Abin Da Wayar Hannu Za Ta Iya Yi Wa Majinyaci

Daga Sabon Birni zuwa Sakkwato tafiyar wajen mil 110 ce, mutumin Kurawa da na ƙauyukan ƙasar Isa su ma nisansu bai kasa haka da wani abin kirki ba. To, a ce ga wani manomi an yi masa aiki a ƙafa a babban asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, an sallame shi, an ce ya komo bayan wata uku. Ya yi sati biyar a gida sai ya ji kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Ya tashi ya sayar da buhun gero ya kama hanya, ko kuwa ya dakata sai ranar da aka yanka masa? Wa zai tambaya? A kan wannan tambaya muke so mu yi magana da malaman ofis da malaman makaranta yau, don kuwa a ƙauye su ake kawo wa takardar asibiti su karanta.

Cutar da muke nufi likitoci suna kiranta melanoma. Wani irin ciwon daji ne da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fatar ɗan Adam launinta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta a shekarar 2020 ya kama mutum wajen 325,000, ya kashe wajen 57,000. Galibinsu Turawa ne, don zafin rana ya fi yi wa farar fata illa, shi ya sa wasu ke zaton baƙar fata ta tsira. Ba ta tsira ba. Mu a nan yakan ɓullo inda ba a cika dubawa ba, watau tafin ƙafa, ko dunduniya, ko ƙarƙashin farce. Likitocin Zariya da na Kano da suka bi takardun majinyatansu sun sami mafi yawansa a ƙafa ne, sun kuma sami mutane ba su zuwa sai abin ya yi nisa.

Dalilin jinkirin ba boyayye ba ne. Ƙafar manomi kullum cikin faso da kaushi da sartse take, in ya ga baƙin tabo sai ya ce tawadar Allah ce, ko ƙaya ce ta karye a ciki. Ba ya zafi da fari. Sai ya yi faɗi, bakinsa ya karkace, ya fashe ya zama gyambo, sa'an nan a kira wanzami, a yi tsaga, a shafa wannan a ɗaura wancan. Alhali kuwa tun 1970 wani likitan Amurka mai suna Alexander Breslow ya nuna zurfin tabon cikin fata shi ke faɗin yadda za a ƙare. In bai kai milimita ɗaya ba aka yanke shi, fiye da tara cikin goma sukan rayu su ci gaba da harkarsu. In ya wuce milimita huɗu, magana ta zama wata. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a yatsan ƙafa nasa ya fara cikin 1977, aka ɗauka rauni ne na ƙwallo, cikin 1981 ya rasu yana da shekara 36. Kuɗi da suna ba su hana ba.

Babban maganinsa har gobe wuƙar likita ce, a yanke tabon da naman da ke kewaye da shi, wani lokaci har yatsa ko sashen ƙafa. Amma daga 2011, sa'an nan 2014, an sami sababbin allurai a Amurka da Turai waɗanda ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar da kanta, har masana biyu da suka buɗe wannan hanya, James Allison da Tasuku Honjo, suka sami lambar Nobel a 2018. Alluran nan sun ja ran mutane da yawa waɗanda da an fid da tsammani, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Suna kuma da nasu sharri. Garkuwar da aka zuga takan juya ta kama hanji, ko huhu, ko hanta, sai majinyaci ya fara zawo, ko tari da haki, ko idonsa ya yi shawara, wani lokaci bayan watanni, yana gida, ba likita kusa. In an ji da wuri akwai maganin da ke kwantar da abin. In an yi shiru yana iya kisa.

Irin wannan matsala ce ta sa aka ƙirƙiro manhajoji na waya don masu jinyar ciwon daji. Aikinsu ba wuya gare shi ba. Kowane sati wayar takan tambayi majinyaci: Yaya cin abinci? Sau nawa ka zaga yau? Akwai ƙuraje? Numfashi fa? Shi kuwa sai ya taɓa amsa. In amsar ta nuna hatsari, nan take saƙo ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya a asibiti, ita kuma ta bugo masa. Wani likita, Ethan Basch, ya gwada irin wannan a wani babban asibitin ciwon daji a birnin New York, da majinyata 766. Aka raba su biyu, waɗansu suna ba da labarin jikinsu ta kwamfuta, waɗansu suna jiran ranar ganin likita kamar yadda aka saba. Da aka bayyana sakamako a 2017, sai ga shi na farkon sun rayu wata 31 a tsakaici, na biyun wata 26. Wata biyar ke nan, ba da wani sabon magani ba. Mu faɗi gaskiya, waɗannan masu ciwon nono ne da huhu da makamantansu, ba masu melanoma ba.

Na melanoma kansa, Jami'ar Aberdeen a ƙasar Sikotilan ta yi nata gwaji mai suna ASICA, da mutum wajen 240 waɗanda aka riga aka yi wa aiki. Su ma can akwai ƙauyuka masu nisa da asibiti. Manhajar takan tuna wa mutum kowane wata ya duba fatarsa daga kai har tafin ƙafa, in ya ga abin da bai gane ba ya ɗauki hoto ya aika, ma'aikaciyar jinya ta duba ta ce masa zo, ko kwantar da hankalinka. An sami mutanen sun ƙara kula da duba jikinsu, fargaba kuwa ba ta ƙaru ba.

Mu dai a ganinmu asirin duka biyun ba a cikin wayar yake ba. Tambaya ce ake yi a kan kari, da mutum mai ilmi zaune a ɗaya ƙarshen yana amsawa. In aka cire shi, manhaja ta zama ganga ba makaɗi. Don haka muke jan kunnen samarinmu game da waɗansu manhajoji da ke cewa ka ɗauki hoton tabo su gaya maka ko daji ne. Masanan da suka tattara gwaje-gwajensu a mujallar likitocin Ingila cikin 2020 sun ce ba abin dogara ba ne. Balle mu, da yake yawancin hotunan da aka koya wa irin waɗannan na'urori na farar fata ne. Ba abin da ke tabbatar da cutar sai an yanki ɗan nama an duba shi a madubin likita.

To, ina Kurawa a cikin wannan? Waya ta shigo hannun jama'a tun 2001, yau da wuya ka sami unguwar da ba mai babbar waya. Amma manhajojin nan da Turanci suke, don asibitocin can aka yi su, ba mai amsa wa Bagobiri a cikinsu. Ga kuɗin caji, ga na data. Ga kuma abin da mutanen gabashin Sakkwato ba za su manta ba: cikin watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Hanya ba ta biyuwa cikin kwanciyar rai, waya kuma ta mutu. Wanda duk jinyarsa ta rataya ga manhaja a wannan lokaci, ya shiga uku.

Saboda haka abin da muke roƙon masu karatu ya fi sauƙi. In an sallamo wani naku, kada a bar asibiti sai an roƙi lambar wanda za a kira, an kuma tambayi alamun da in an gani ba a jira. A sami littafin rubutu na 'yan makaranta, a ja layi, kowace Juma'a bayan an sauko malami ya zauna da majinyaci ya yi masa tambayoyin nan, ya rubuta kwanan wata da amsa. A shafa matsematsi da bayan gwiwa a ji ko akwai ƙullutu. A ɗauki hoton wurin aikin da hasken rana, a aza rula kusa da shi don a ga ko tabo yana ƙaruwa, gama ido yakan saba da abin da yake gani kullum. In akwai layi, a aika da hoton da saƙon murya ta WhatsApp. In babu, littafin yana nan, shi za a miƙa wa malamin asibiti a Sabon Birni ko Isa, ko likita a Sakkwato. In majinyaciyar mace ce, malama ko ungozoma ta yi wannan aiki. Hoton kuwa amana ne, ba na nunawa a majalisa ba, a goge shi in an gama.

Ga hukumomin asibitocinmu kuma, ba mu ce su sayo manhaja daga Turai ba. Waya ɗaya a sashen masu ciwon daji, da ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa wanda aka ɗora wa amsa ta, da sa'o'in da kowa ya sani, ya isa a fara. Da akwai wannan, da manomin nan namu ya aika da labarin kaluluwarsa ran Juma'a, a ce masa kada ya jira wata uku, ya shigo motar Litinin.