MAGANI DA IMANI: DARASI DAGA MUTANEN MASAR NA DA

A Sabon Garin Kano akwai asibitin ido wanda 'yan Mishan na S.I.M. suka buɗe a 1943, yau kuwa yana hannun ECWA. Duk da shahararsa, mukan ga dattijo a Fagge yana ta rufe masa ido, amma ya ƙi zuwa can ko wani asibitin, wai shi ya dogara ga Allah. Wani kuma sai ya miƙa idonsa ga mai yawon cire yana. Domin mu gane inda kuskuren yake, ya kamata mu waiwayi Misirawan zamanin Fir'auna, waɗanda suka riga kowa suna wajen maganin ido.

Herodotus, masanin tarihi na Girka, ya ba da labari cewa a Masar kowace cuta da likitanta, har akwai waɗanda ba su duba kome sai ido. An kuma sami wani dogon littafinsu, wanda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), yana ajiye a birnin Leipzig na Jamus. A ciki akwai magunguna fiye da 700. Sun san amfanin zuma ga rauni, sun kuma san hanta tana maganin dundumi, abin da likitocin zamani suka tabbatar, saboda sinadarin bitamin A da ke cikinta.

Amma fa a cikin littafin nan, gefe da gefe da magani, akwai surkulle na kiran gumakansu, irin su Isis da Horus. Sukan rataya laya mai siffar idon Horus don neman tsari. Imhotep ma, wazirin Fir'auna Zoser, bayan mutuwarsa da ƙarnuka sai suka mai da shi abin bauta, suna roƙonsa lafiya. Watau sun sami sababi, suka jahilci Mai sababin.

Musulunci ya gyara wannan ba tare da ya zubar da ilmin ba. Ya tabbata cikin Bukhari cewa babu cutar da Allah ya saukar ba tare da maganinta ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya tura Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Saƙifawa, malamai kuwa suka kafa hujja da wannan kan halaccin neman magani wurin gwani amintacce, ko da ba Musulmi ba ne. Ammaru Almausili, wanda ya yi aiki a ƙasar Masar ɗin nan wajen shekara ta 1000, ya ƙago allura mai rami ta zuƙe yanar ido. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafa a kan maganin ido.

To, ina namu matsayin? Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan rabin idanun da aka yi wa aikin yana, masu gargajiya ne suka taɓa su. Su ba cire yanar suke yi ba, tura ta suke cikin ido da tsinke, sau da yawa kuwa ƙarshenta makanta ce.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da ma'aikata, duk mai tsoho a gida wanda ganinsa ya fara raguwa, ya ɗauke shi ya kai shi ga likitan ido tun da wuri, ya biya kuɗin, wannan yana cikin biyayya ga iyaye. A yi addu'a da tofi na Alƙur'ani, a sha magani, a kuma sakankance cewa waraka ta Allah ce shi kaɗai. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana imaninmu, amin.