Gilashin taga da kuɗin iyakwandishan

Wanda ke gina gida ko ofis yakan zaɓi gilashin taga don kyan gani, sai an tare ya ga iyakwandishan na ta gurnani, ɗaki bai yi sanyi ba. Injiniyoyin gini kuwa suna iya gano wannan tun kafin a aza tubali, ta hanyar kwaikwayon ginin a kwamfuta. Manhaja irin su EnergyPlus, wadda ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, ana zuba mata zanen gini da bayanan yanayin garin na kowace sa'a, sa'o'i 8,760 na shekara, sai ta lissafa zafin da zai shiga da wanda zai fita.

Lambobi biyu ne ke bayyana halin gilashi. Ta farko ana kiranta ƙimar U, ita ke nuna yadda zafi ke ratsa gilashi idan yanayin ciki da na waje suka bambanta. Gilashi falle ɗaya yana da kusan 5.8. Idan aka haɗa biyu da iska a tsakani, takan sauko wajen 2.8, mai falle uku da aka cika da iskar agon kuma takan yi ƙasa da 1. Turawa sun fi damuwa da wannan lamba saboda hunturunsu, shi ya sa gidaje masu tsimin makamashi na Passivhaus da aka fara ginawa a Darmstadt ta Jamus a 1991 suke buƙatar tagar da ba ta wuce 0.8 ba.

Lamba ta biyu ita ce ta shafe mu mazauna ƙasashe masu zafi. Masu sayarwa suna rubuta ta SHGC, ma'anarta kason zafin hasken rana da ke wucewa cikin ɗaki. Gilashi garai falle ɗaya yana barin fiye da kashi 80 cikin ɗari su shige. A ɗauki taga mai murabba'in mita biyu da ke kallon yamma a Kano, da la'asar a watan Afrilu, waje na digiri 40, ciki na 25. Zafin da ke ratsawa saboda bambancin yanayi bai kai wat 200 ba. Amma idan rana na zubo wat 600 a kan kowane murabba'in mita, abin da haskenta ke shigarwa ya doshi wat dubu ɗaya. Iyakwandishan mai doki ɗaya wat 2,600 yake iya fitarwa, ke nan taga ɗaya ta cinye masa fiye da sulusin ƙarfinsa. Bature a Jamus maraba yake da wannan zafi, domin yana rage masa kuɗin ɗumama gida. Mu kuwa dizal muke ƙonawa mu kore shi.

Gilashi mai duhu da jama'a ke ƙauna yana rage matsalar kaɗan ne kawai, don yana shanye zafin ya sake turo wani ciki, ga shi yana sa a kunna fitila da rana tsaka. Wanda ya fi shi shi ne mai siririn shafin azurfa da ido ba ya gani, wanda ke barin haske ya shiga amma ya rage kason zafin zuwa wajen kashi 25 zuwa 40. Sai dai da tsada.

Kwamfuta tana kuma tona abin da magini ke mantawa. Kano na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana na bi ta arewa, tagar arewa ma tana shan ta. Rumfar saman taga tana kare ranar tsakar rana, amma ba ta iya komai da ta la'asar da ke shigowa a kwance. A nan bishiya ko ƙaramar taga ne magani, kamar yadda magina gidajen ƙasa suka daɗe suna yi.

Saboda haka, mai gini, kafin ka biya kuɗin gilashi ka nemi a nuna maka lambar SHGC, kuma ka rage tagogin yamma tun zane yana takarda.