Tashi Daga Sabo Zuwa Akinyele Da Ƙananan Yara: Shirin Da Ya Kamata Ki Yi

Uwargida, idan maigida ya shigo da albishir cewa an samu gida a wajajen Moniya ko Akinyele, abin da zai fara faɗo miki a rai shi ne kayan ɗaki: gado, kujeru, da tangaran ɗin nan da ba ki yarda kowa ya taɓa. Amma kafin ki fara tara kwalaye, ki dubi yaran da ke wasa a tsakar gida. Su ne wannan tashin zai fi girgizawa, kuma su ne ba a shawara da su.

Unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu tun 1916, kuma wanda ya san ta ya san ta cika ta batse. Shi ya sa magidanta da dama, musamman masu harka a Kara ta Akinyele da kasuwar Shasha, ke gangarawa can kusa da wurin nema. Buɗe tashar jirgin ƙasa ta Moniya a 2021 ta ƙara wa yankin jama'a. Wasu kuwa tashin dole suka yi. Rikicin Shasha na Fabrairun 2021 ya fitar da iyalai da yawa daga gidajensu ba shiri, daga su sai kayan jikinsu. Ke da Allah ya ba ki lokaci, ki yi amfani da shi.

Ki fara da faɗa wa yaran. Ɗan shekara uku ba ya gane "wata mai zuwa", amma yana ganin an kwance gadon da yake kwana a kai. A Sabo yaro ya saba da gidan yawa: ga Gwaggo, ga Inna mai ƙosai, ga abokan makarantar allo, ko'ina ya juya Hausa yake ji. A sabon wuri mai yiwuwa maƙwabcin dama da na hagu duk Yarabawa ne. In da hali, maigida ya kai su su ga gidan kafin ranar tashi, a nuna musu ɗakinsu da masallacin da ke kusa. Kada ki yi mamaki idan wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko wadda ta saba wasa ita kaɗai ta maƙale miki a zani. Ba iskanci ba ne, kuma duka ba ya maganinsa. Yawanci yakan wuce da kansa idan yaro ya saba. Saboda haka nake ganin bai dace a haɗa yaye da tashi a wata ɗaya ba. A ɗaga ɗaya.

Sai takardu. Ki ware jaka guda da ba za ta hau motar kaya ba, tana hannunki har ku isa. A ciki ki sa katin rigakafin kowane yaro, takardar haihuwa, katin awo idan kina da juna biyu, da sakamakon makaranta. Katin rigakafin nan ne aka fi yarwa, alhali da shi ma'aikaciyar sabon asibiti za ta san inda aka tsaya. Allurar sati 6, sati 10 da sati 14, da ta ƙyanda a wata 9 da maimaicinta a wata 15, ko an makara ba a sake su daga farko, ɗorawa ake yi. A Sabo kin saba da UCH da asibitin Adeoyo kusa da ke. Daga Moniya kuwa sai kin keta cunkoson Ojoo, don haka ki nemi ƙaramin asibitin gwamnati na unguwar tun yara suna lafiya.

A jakar kuma ki ƙara maganin zazzaɓi na yara, gishirin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa, kayan sawa na kwana biyu, da gidan sauro tare da igiya da ƙusoshi. Daren farko ne aka fi kwana ba gidan sauro, wai ai yana ƙasan wani buhu, gobe a nemo. Sauron Ibadan ba ya jiran gobe, balle da damina, wadda a nan take kamawa tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba.

Ranar tashin ita ce mai haɗari. Ƙofa a buɗe, akori-kura tana ja da baya, kowa yana zaton yaron na hannun wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ki roƙi Yaya ko wata maƙwabciya ta riƙe miki ƙananan, aikinta ke nan, ba ta ɗaukar ko cokali. Kada a ɗora yaro a bayan mota bisa kaya. Ku hau tasi ku bi su a baya.

Ga wani abin da ake rainawa. Wajen tattara kaya ne duk abin da aka ɓoye a saman sif yake saukowa ƙasa: maganin ɓera, fiya-fiya, magungunan tsohuwa, da kananzir a robar lemo. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. A haɗa su a kwali ɗaya, a ɗaure, a ba wa babba. Idan tsautsayi ya sa ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin hakan na iya tura shi cikin huhu. A wuce asibiti da robar a hannu.

Maigida, naka aikin yana sabon gida tun kafin iyali su iso. Gidaje da yawa a wajajen nan da rijiya suke dogara, to a tabbatar tana da murfi mai kwaɗo. A duba ramin masai, a duba wayoyin wuta da aka bari tsirara, a sare ciyawar bayan gida. In za a yi feshi ko fenti, a yi da kwanaki, a bar tagogi a buɗe. Janareto kuma waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci, kuma sabon gidan da ba a gama haɗa wa wuta ba ne ake jarabtuwa a shigar da shi baranda don tsoron ɓarayi. Ruwan rijiyar da ba ku sani ba a tafasa wa yara tukuna.

Da kun sauka, shimfiɗar yara za a fara yi, da zanin gadon da suka sani, ko da falo ya kwana uku a hargitse. A ci abincin da aka saba, a kwanta lokacin da aka saba. Washegari ki ɗauki yaran ku shiga maƙwabta gaisuwa, ko da "ẹ kàárọ̀" kaɗai kika iya, ki nuna musu fuskokin 'ya'yanki, ki faɗi sunayensu. Babban cikinsu kuma ya haddace lambar wayar babansa da sunan layin kafin ya fara fita Islamiyya shi kaɗai.